Ragon da Zai Cika Garke

Laifin da za a hukunta a wannan labari shi ne jin kunyar uba. An taɓa abin wani a ciki, an kuma yi ƙarya, amma duk rassa ne. Tushen shi ne yaro ya dubi sana'ar da ta ciyar da shi tun yana cikin tsumma, ya ga ta yi masa wari. Wanda ya yi haka bakinsa kan yi nauyi wajen tambaya, domin kowace tambaya tana iya tona shi. To, ku biyo ni a hankali ku ga inda nauyin baki ya kai Labo.

Zamanin da ake ciniki da kuɗin wuri ne, lokacin da fatake ke ratsa Maska da jakuna suna sayen baƙin zane a marina. A bayan gari akwai gidan Malam Maiwada mai tumaki. Shi ba kowace tunkiya yake kiwo ba. Balami yake tarawa, fararen nan masu dogayen kunnuwa da tudun hanci, waɗanda nama ke zama a gadon bayansu. Masu neman iri tun daga Malumfashi wurinsa suke zuwa. Sai wata bazara ciwo ya shiga garken, ya bi raguna ɗaya bayan ɗaya ya kwashe, ya bar masa tumaki mata zalla suna kuka a turke.

'Yarsa Shafa'atu ita ke tsaye a kan kiwon tare da shi. Ita Labo na Mahuta yake so, ita ma shi take so, kuma duk unguwar ta sani.

Ran nan da la'asar, farkon damina, Labo ya same ta a gindin ɗorawa tana wanke kwatarniyar dusa. Ba ta ɗago ba. Da ta ɗago kuwa, ya ga idanunta sun kaɗa.

"Wa ya taɓa ki?"

"Inno ta ce Mudi."

Inno ita ce mahaifiyarta. Mudi kuwa ɗan wan Inno ne, ɗan marina, mai baƙin hannu da ƙaton baki, wanda in ya yi dariya a bakin karofi, wurin ramukan rini, sai a ji a masallaci.

"Ta ce ta san uban Mudi, ta san kakansa, ta san ramin da suke rini a ciki," in ji Shafa'atu. "Kai kuwa wai daga sama ka faɗo. Jiya har ta ce in ba na jin maganarta in daina kiran ta uwa. Labo, ban ci komai ba tun jiya."

Labo ya sunkuyar da kai. Ya san ramin da ya gina wa kansa.

Ranar da ya fara zuwa gaisuwa gidan, yana durƙushe a tsakar gida, Inno na korar ƙudaje daga kan ƙwarya, sai ta yi tsaki ta ce, "Kai, waɗannan ƙudaje, sai ka ce gidan mahauta!" Tana rufe baki ta juyo ta tambaye shi, "Ɗan wane ne kai, samari?"

Shi kuwa ɗan Rabe ne, mahaucin kasuwar Mahuta. Fatu ma ya kawo wa majema a Maska ranar da ya fara ganin Shafa'atu. Amma ya ji bakinsa ya ce, "Babana manomi ne. A hannun gwaggona na tashi. Kiwo muke yi."

Tun daga ranar yake wanke hannu da toka kafin ya kamo hanyar Maska.

"Baba fa?" ya tambaya yanzu. "Me ya ce?"

Ta share ido da bakin zane. "Baba ya raba gardama. Ya ce shi ba ya son zane, ba ya son goro. Ya ce duk wanda ya kawo masa ragon da zai cika masa garke kafin a gama ɗaure harawa, shi zai fara sauraro. Sauran maganar kuma tawa ce."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ka gane abin da yake nufi, ko?"

A gidansu Labo, in an ce rago ya cika, abu ɗaya ake nufi: ka matsa gindin wutsiya ka ji taushi, ka shafa haƙarƙari ba ka ji ƙashi ba. Ya hango ƙaton rago tsaye a tsakiyar tumaki, ya rufe su da girma, ido ba ya ganin komai sai shi. Amma can ƙasan zuciyarsa wani abu ya ce masa, tambaye ta.

"Haba Shafa'atu," ya ce, har da 'yar dariya. "Ni za ki yi wa wannan tambaya? A cikin tumaki na buɗe ido."

Ta daɗe tana kallon sa.

"Labo, in akwai abin da ba ka gaya mini ba, yanzu ne lokacinsa. Wallahi ba zan juya maka baya ba."

Maganar ta zo masa har maƙogwaro. Ya ji ɗacinta a harshe. Sai ya tuna tsakin Inno.

"Babu komai," ya ce.

* * *

Gwaggo kam yana da ita, nan bai yi ƙarya ba. Hansai sunanta, yayar babansa, tana zaune ita kaɗai a wata 'yar unguwa kusa da Mahuta tun rasuwar mijinta Ummaru. Idonta ya fara hazo, gwiwa ta ƙi. Abin da Ummaru ya bar mata 'yan tumaki ne da rago guda, fari tas, dogo, mai kunnuwa har kafaɗa. Ummaru ne ya koro kakan ragon da ƙafarsa tun daga hanyar Barno, shi ya sa take kiran sa Ɗan Barno.

Ragon nan shi ke ciyar da ita. Masu tumaki kan kawo nasu a bar su kwana biyu a wurinsa don barbara, wani ya kawo mata damin dawa, wani ya yi mata alkawarin ɗan tunkiya.

"Gwaggo, damina ta kama," in ji Labo, yana zaune a bakin tabarmarta. "Yankan ciyawa zai wahalar da ke. Ki ba ni Ɗan Barno in riƙe miki har kaka."

"Ikon Allah! Yaushe ɗan Rabe ya fara tausayin rago?" Ta yi dariya har da tari. "Ku da in kun ga dabba sai ku fara lissafin tsire."

"Haba Gwaggo."

"Na ji an ce ƙafarka ta saba da hanyar Maska."

"Fatu nake kai wa majema."

"Fatu. To." Ta juya fuskarta wajen da muryarsa take, kamar mai jiran a ƙara mata wani abu. Bai ƙara ba.

Ta miƙe da ƙyar, ta kwance igiyar da hannunta, ta shafa hancin ragon. "Kada ka cika masa dusa, ba ya son kitse. In ya yi maka fitina ka yi haƙuri da shi, halinsa ne, fitinar ita ce amfaninsa. Ka dawo mini da shi yadda ka ɗauke shi."

"In Allah ya yarda, Gwaggo."

Bai kai shi gida ba, don kada babansa ya gani ya yi tambaya. Ya kafa masa turke a bukkar gonarsu ta bakin rafi. Ya sayo dusa, ya sayo angurya wurin mata masu kaɗi, ya jiƙa kanwa. Safe da yamma yana kansa.

Ɗan Barno ya ƙi ƙiba.

Zai ci loma biyu, sai ya ɗaga kai ya shaƙi iska, ya murɗe leɓe, ya hau kiran tumakin da ke kiwo a ƙetaren rafi. Ya yi ta zagaya turke har ya haƙa rami da kofato. Igiya biyu ya tsinke. Duk abin da ya ci, a zagayen nan yake ƙonewa. Labo ya matsa gindin wutsiya, ya ji ƙashi. Bayan kwanaki ya sake matsawa, ƙashi.

Ran kasuwar Maska ya ci karo da Mudi a bakin marina.

"A'a, ga sarkin makiyaya!" Mudi ya ɗaga baƙaƙen hannuwansa sama, abokansa na dariya. "Ina ragon? An ce ka ɓoye shi kamar amarya. Ni dai ka gan ni nan, ban san kan tunkiya daga wutsiyarta ba, shuni na sani. Amma ka shirya, ɗan'uwa, Inno ta riga ta fara kira na surukinta."

"Ranar za ta zo," in ji Labo.

"Za ta zo mana. Ka zo da wuri ka sami wurin zama a inuwa."

Ya wuce yana jin dariyarsu a bayansa. Gidan Malam Maiwada na nan kusa. Da ya karkata hagu, da ya isa zaure, ya durƙusa ya ce, Baba, ban gane maganarka ba, ka warware mini. Ya tsaya a mararrabar har wani mai jaki ya ce ya ba shi hanya. Amma wanda ya buɗe ido a cikin tumaki, yaya zai tambayi abin da ake nufi da cika garke?

Ya bi dama, ya koma Mahuta.

Akwai abu ɗaya da ya sani tabbas, don ya sha ganin babansa na zaɓe a kasuwa. Ragon da aka dandaƙe shi ke yin kitse. Ba ya kiran tunkiya, ba ya tsinke igiya, ci kawai yake ya kwanta. Ya kuma san yadda ake yi, don ya sha riƙe ƙafa ana yi.

Washegari da hantsi ya kayar da Ɗan Barno a bayan bukka, ya ɗaure ƙafafunsa. Ya yi aikin yadda ya sha gani. Ragon ya yi wani kuka guda ɗaya, dogo, har tumakin ƙetaren rafi suka ɗago kai.

Daga ranar bai sake kiran su ba.

* * *

Kaka ta yi, aka fara ɗaure harawa ana jerawa a kan rassan itatuwa. Ranar da Malam Maiwada ya sa, ƙofar gidansa ta cika. Dattawa a kan buzu, matasa a tsaye, mata na leƙe ta kan danga.

Mudi ya fara isowa, yana jan wani rago Uda, gaba baƙi baya fari, da ya samo a rugar Fulani. Siriri ne, ƙafafu kamar kara, sai fizge-fizge yake yana neman tunkuyin mutane.

"Mudi, wannan rago ne ko barewa?"

"A shuni ka tsoma rabinsa?"

"Ku yi ta yi," in ji Mudi, yana haki. "Ni ma bai bar ni na yi barci ba tun da na kawo shi."

Sai ga Labo.

Kowa ya juyo. Ɗan Barno na tafe a bayansa a hankali, igiya a sake, bayansa ya baje kamar faifai, kitse na rawa a ƙirjinsa, gashi na sheƙi. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga cikin gida. Inno da kanta ta leƙo ta zaure, ta riƙe haɓa.

"Tabarkalla! Wannan ai sa ne!"

Labo ya ji kansa ya yi girma. Ya nemi idon Shafa'atu ta kan danga, ya same shi. Da fari murmushi take. Sai ya ga ta dubi ragon, ta dubi tumakinta da ke kuka a bayan danga, ta sake duban ragon da ko kunne bai kaɗa musu ba. Murmushin ya tafi. Ta sa hannu ta rufe baki.

Malam Maiwada ya taso. Mutum ne marar yawan magana. Ya fara da ragon Mudi: ya buɗe baki ya duba haƙora, ya ɗaga kofato, ya kai hannu ƙarƙashi, ragon ya yi tsalle ya kusa kayar da shi. Ya ce, "Hm."

Ya zo kan Ɗan Barno. Ya tsaya yana kallon sa kamar wanda ya ga tsohon aboki. Ya shafa dogon kunnen, ya duba haƙora. Bai taɓa gindin wutsiya ba sam. Ya durƙusa ya kai hannu ƙarƙashi, inda masu kiwo ke kai hannu.

Ya daɗe a durƙushe.

Abin da ke sa rago ya zama rago ya motse, ya koma kamar busasshiyar ɗinya.

Ya miƙe a hankali, bai dubi Labo ba. Da so samu ne da ya sallami jama'a. Amma wani dattijo ya riga ya ce, "To Malam, a sake su cikin garke mana, mu ga aiki!" Matasa suka ɗauka, aka janye ƙyauren danga.

Ragon Mudi ya fizge igiya tun ba a gama kwancewa ba. Ya faɗa cikin tumakin yana gurnani, ya bi wannan, ya shinshini waccan, garke ya hautsine.

Ɗan Barno ya shiga a hankali. Wata tunkiya ta zo ta goga masa jiki. Ya ratse ta, ya wuce kai tsaye wurin kwatarniyar dusa, ya tsoma baki. Da ya ƙoshi ya nemi inuwa ya kwanta yana tuƙa.

Wani ya fara dariya, ya danne. Wani ya kasa dannewa.

"La ilaha! Dandaƙaƙƙe ne!"

"Cika garke aka ce, shi kuwa ya kawo cika ciki!"

"Labo Cika-garke!"

Mata a bayan danga har da riƙe juna. Mudi kaɗai bai yi dariya ba, ya tsaya baki buɗe yana duban Labo. Shi kuwa Labo ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Sai yanzu maganar ta buɗe masa, ta buɗe sarai, yadda ko yaron goye zai gane. 'Ya'ya ake nufi. Ragon da zai cika garke da 'ya'ya.

"Biyo ni," in ji Malam Maiwada.

* * *

A zaure ya zauna a kan buzu. Labo ya zube a ƙasa, goshinsa ya kusa taɓa turɓaya.

"Wa ya dandaƙe shi?"

"Ni ne, Baba."

"Aikin ya yi tsabta. Babu kumburi, babu tabo. Hannun Rabe ne."

Labo ya ɗago a firgice.

"Kana tsammani ban san ka ba? Ubanka yana sayen tsofaffin raguna a hannuna tun kafin ka yi wayo. Bai taɓa yi mini ƙarya a kan dabba ba, ko sau ɗaya. Tafiyarku ɗaya, kunnenku ɗaya. Ranar da ka ce wa Inno ubanka manomi ne ina cikin ɗakin nan ina ji. Na ce yaro ne, kunya ce, zai dawo ya gyara."

"Baba, na ji tsoro..."

"Ban gama ba." Bai ɗaga murya ba. "Wannan ragon Hansai ne. Na roƙi marigayi Ummaru irin nan tun yana da rai, ya ce sai dai in haɗa jini da gidansa. Da ciwo ya kwashe nawa, a duk ƙasar nan shi kaɗai ya rage. Na kuma san a hannun gwaggonka yake. To da na ce ragon da zai cika mini garke, wa kake tsammani na yi wa hanya? Mudi?"

Malam Maiwada ya nuna shi da yatsa.

"Don kai na faɗi maganar. Na ce ka kawo shi, Inno ta rasa abin cewa, Hansai ta sami rabonta na 'ya'ya duk shekara, kowa ya huta. Mudi washegari da sassafe ya zo nan, ya zauna inda kake zaune, ya ce, Kawu, ni jahili ne a kan tumaki, me kake nufi? Na gaya masa. Na yi ta jiran ka zo kai ma."

Malam Maiwada ya dubi ƙofa.

"Ba ni ka cuta ba. Ragon Mudi zai yi mini aiki, ko da 'ya'yan za su fito da baƙin kai. Tashi ka je, Shafa'atu na can waje. Na ce sauran magana tata ce, ban canja ba."

Tana gindin ɗorawar nan, ta jingina da itacen, hawaye na zuba ba ta share su.

"Shafa'atu."

"Kada ka matso."

Ya tsaya. "Ki yafe mini. Don ke na yi. Wallahi don ke na yi, na ga ya ƙi ƙiba, na ga lokaci na tafiya..."

"Don ni?" Ta juyo. "Ka san yaushe na gane kai ɗan mahauta ne? Ranar farko. Ranar da ka tsaya a bakin rijiya ka ce tunkiyata ta yi kyau. Gindin wutsiyarta ka fara matsawa. Mai kiwo baki yake fara buɗewa. Na koma gida ina dariya ni kaɗai, na ce wannan ɗan fawa ya iya sallama."

"Kin sani? Tun da can?"

"Na sani, na kuma so ka a haka! Kana zuwa hannunka na warin toka, kana tsammani ban san abin da kake wankewa ba? Na bar Inno ta zage ni, na bar ƙawayena suna ce mini mai jiran baƙo. Na ce ranar da ya yarda da ni zai gaya mini da bakinsa. A nan wurin na roƙe ka. A nan! Na ce in akwai abin da ba ka gaya mini ba. Ka dube ni ka ce babu komai."

"Na ji kunya ne."

"Kunyar wa? Kunyar mutumin da ya ciyar da kai?" Kuka ya ci ƙarfinta, ta durƙushe. "Ni fa kullum hannuna cikin kashin tumaki yake. Wace ce ni da za ka ɓoye mini wuƙa?"

Shi ma ya durƙusa, hawaye na bin gemunsa. "Ki ba ni lokaci. Zan je har Barno da ƙafata in koro wani. Na rantse miki."

"Ka koro goma. Ba ragon nake yi wa kuka ba, ko da yake shi ma ya isa a yi masa." Ta ja numfashi. "Labo, in na aure ka, wata rana wani abu zai ƙi ci maka a gida. Ɗa zai yi ciwo, ko rumbu ya yi ƙasa. Ba za ka tambaye ni ba. Za ka kai shi bayan bukka ka gyara shi kai kaɗai, yadda ka gyara wannan. Sai an gama in gani."

"Mudi za ki aura ke nan."

"Ban sani ba. Ban taɓa son sa ba, surutunsa na sa ni ciwon kai. Abin da na sani shi ne, shi ya iya cewa ban sani ba." Ta miƙe, ta ɗauki kwatarniyarta. "Ba Inno ta hana ka ba, kada ka je kana cewa ita ce. Ba Baba ba ne. Ni ce na ce a'a."

Ta shige gida. Ya ji an ja ƙyaure.

* * *

Labari ya riga Labo isa Mahuta, majema sun kai. Da ya shiga gidan Gwaggo yana jan ragon, ya tarar da babansa zaune a bakin ƙofar ɗaki, da rigar fawa a jikinsa, ko canjawa bai yi ba.

Gwaggo Hansai ta taso tana lalube. "Ɗan Barno," ta kira a hankali.

Da can in ta kira shi sai ya tunkuɗe ta da hanci har ta yi masa faɗa. Yau ya tsaya kawai. Ta shafa kunnen, ta shafa bayan da ya baje, hannunta ya nutse cikin kitse. Ta durƙusa a kan gwiwar da ke mata ciwo, ta kai hannu ƙarƙashi.

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba.

"Yau Ummaru ya gama mutuwa," ta ce.

Ta koma ɗaki tana bin bango, ta saki asabari.

Rabe ya dubi ɗansa. Can ya ce, "An ce ni manomi ne."

Labo ya faɗi a gabansa. "Baba..."

"A'a, ba laifi. Noma sana'a ce mai kyau. Sai dai ban san ranar da na fara ba." Ya zaro wuƙarsa daga kube, ya duba kaifinta a babban yatsa, ya ajiye ta a ƙasa tsakaninsu, ƙotar na fuskantar Labo. "Yayata ba ta da dusar ciyar da abin da ba ya haihuwa. Abin da ya rage a jikinsa nama ne. Kai ka mai da shi nama, kai za ka ƙarasa. Gobe kasuwa. A rumfata za ka tsaya, da rana, mai kalangu na kiran sunanka da sunan ubanka. Abin da aka samu ka kawo mata dawa da shi."

Haka kuwa aka yi. Mutanen Mahuta sun ce ba su taɓa cin nama mai daɗinsa ba. Har daga Maska wasu suka zo saye, don su ga fuskar mai yankan.

To, ga abin da Labo ya rasa, ku ƙirga da ni.

Ya rasa Shafa'atu, wadda ta san asalinsa tun ranar farko ta kuma so shi a haka. Ya rasa surukin da ya share masa hanya da hannunsa. Ya kashe irin da Ummaru ya koro tun daga hanyar Barno, ba a sake ganin mai irin kunnen nan a ƙasar ba. Gwaggonsa ta ci dawar ragon damina ɗaya ta ƙare, daga nan sai abin da Rabe ya aika mata, kuma har ta koma ga Allah in Labo ya yi sallama takan amsa, amma ba ta sake ce masa ɗan Rabe da bakin wasa ba. Sunansa ma bai tsira ba, don har ya yi furfura Cika-garke ake kiran sa, yara na faɗa ba su san mafarin ba.

Abu ɗaya ya rage masa a hannu, wuƙar ubansa. Ita ce ya yi duk wannan don kada a gan shi da ita.